Awa Uku A Mako: Aikin Sa-kai A Teburin Ba Da Shawara Na Zango

A wannan makon na ajiye bayanin cututtuka a gefe, roƙo na zo da shi. Kuma kai nake nufi, mai karatu, kai da ka iya duba takardar asibiti ko ta kotu ka gane abin da ke cikinta, kake kuma zaune a Legas, ko Ibadan, ko Shagamu, ko Fatakwal, ko wani gari na kudu inda 'yan'uwanmu suka yi zango.

Duk wanda ya san Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 ya san mutanenmu ba su zo kurmi don su kwanta ba. Su ne masu kawo tumatir da albasa da shanu, su ne 'yan dako da masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu wankin takalmi. Ƙarfi da juriya akwai su. Abin da ke kayar da su sau da yawa takarda ce. An rubuta ta da Turanci, an yi wa mutum bayaninta a tsaitsaye da Yarabanci ko buroka, shi kuma ya gyaɗa kai don kada a ce bai waye ba, ya ninke ta ya sa a aljihu. Wata takardar ta mai gidan haya ce, wata ta likita, wata ta makarantar yara. Sai ranar da wa'adi ya cika, ko ciwo ya ci ƙarfinsa, sannan a fara neman wanda zai karanta.

Wannan giɓi shi teburin ba da shawara yake ƙoƙarin cikewa. Kada sunan ya ba ka tsoro. Tebur ne guda, da benci biyu, da littafin rajista, a harabar masallaci ko a ajin Islamiyya bayan an tashi yara, ko a ƙofar fadar Sarkin Hausawa. Mutane uku ko huɗu masu ɗan ilimin zamani sukan zauna a rana ɗaya tsayayya cikin mako, duk mai matsala ya zo ya faɗa, a saurare shi, a karanta masa takardarsa, a nuna masa ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa. Ba a karɓar ko sisi. Ni ma ina zama a irin wannan tebur duk Lahadi daga bayan azahar zuwa ƙarfe biyar, a wata unguwa a nan Legas. (Idan na ce 'yan sa-kai, ba masu bindigar toka nake nufi ba, makaminmu biro ne.)

Tsarin yana da tarihi a wasu ƙasashe. A Ingila, ranar 4 ga Satumba, 1939, kwana ɗaya bayan Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe ofisoshi kusan 200 na abin da yanzu ake kira Citizens Advice. Mutane suna zuwa da tambayoyi a kan katin rabon abinci da ya ɓata, da rashin matsuguni, da 'yan'uwan da aka daina jin ɗuriyarsu. Har yau ƙungiyar tana aiki, kuma 'yan sa-kai ne ƙashin bayanta. Ƙa'idojin da suka tsaya a kai su ne shawara ta zama kyauta, cikin sirri, ba tare da nuna bambanci ba, kuma ba a ƙarƙashin ikon kowa ba. Mu dama muna da zaure da mai unguwa da liman tun kaka da kakanni, wurin kai kuka bai taɓa yi mana ƙaranci ba. Sai dai liman, duk iliminsa, ba aikinsa ba ne ya san ma'anar abin da likita ya rubuta a takardar magani.

Ledar magani

Tunda harhaɗa magunguna na karanta, a nan ne nawa hannun ya fi shiga. Duk wanda ya zo da ƙorafin lafiya, abin da nake fara ce masa shi ne: "Baba, koma gida ka tattaro duk maganin da kake sha ka zuba a leda ka kawo, har da na gargajiya, har da wanda maƙwabci ya ba ka." Abin da ke fitowa daga ledar nan ya fi duk bayanin da mutum zai yi da baki.

Za ka ga dattijo mai hawan jini da kwalaye biyu, launi daban, suna daban, kamfani daban, amma dukansu amlodipine ne. Ɗaya asibiti suka ba shi, ɗaya ɗansa ya sayo masa a kemis, shi kuma yana shan duka biyun don a ganinsa magani biyu ne. Ga jiri, ga kumburin ƙafa, ya ɗauka sammu ne. Za ka ga mai mura yana shan Panadol, yana kuma shan wani maganin mura wanda shi ma da farasitamol a cikinsa, ga kuma "haɗi" da mai kemis ya ƙulla masa a farar leda babu suna babu lamba. Babban mutum bai kamata ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai nauyin miligiram 500 a cikin awa 24 ba, kuma wuce iyaka hanta yake taɓawa, a hankali, ba tare da mutum ya ji komai da farko ba.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗan dako. Ya wuni yana sauke buhunan albasa, jiki ya yi tsami, kullum dare sai ya haɗiyi diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun, cikinsa babu komai sai shayi. Waɗannan magunguna suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, suna wahalar da ƙoda, suna kuma tayar da hawan jini. Idan ka ce masa ya daina, sai ya tambaye ka to da me zai tashi gobe? Tambaya ce mai nauyi, kuma wa'azi ba ya amsa ta. Sai dai a zauna a duba abin da zai rage, da abin da bai kamata ya haɗa ba, a gwada jininsa, a faɗa masa cewa ranar da ya ga bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, asibiti ne kai-tsaye ba kemis ba.

Akwai kuma 'yan mata da matan aure masu shan dexamethasone don su yi ƙiba. Fuska takan cika, amma da ruwa da kitse marar amfani, ga barazanar ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne wadda ta daɗe tana sha ba ta yanke shi rana ɗaya, don jikinta ya saba, yankewar gaggawa tana iya kwantar da ita. Likita ne zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa. Ka ga ke nan ɗan sa-kai mai zafin kai da zai ƙwace kwalin ya jefa a kwata, da kyakkyawar niyya zai yi ɓarna.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna ceton rai. Mai hawan jini ya ji ciwon kai ya tafi sai ya ajiye magani, a tuna masa cewa hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Wanda ya haura mako biyu yana tari a tura shi gwajin tarin fuka, a tabbatar masa gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma maganin wata shida ne ba a tsayawa a tsakiya. Uwar da ɗanta ke gudawa ta zo tana neman Flagyl, a nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Ga kuma rubutun likitoci na "bd" da "tds" da "nocte", wato sau biyu a rana, sau uku a rana, da kuma da dare. Nakan zana wa wanda bai yi boko ba hoton rana da wata a jikin kwalin, ko in rubuta masa da ajami in ya iya.

Amma fa tebur ba asibiti ba ne, kuma a nan ne ake gane ɗan sa-kai na ƙwarai. Ba ma rubuta wa kowa magani, ba ma allura, ba ma ƙarin ruwa, ba ma sayar da ko ƙwaya ɗaya. Ni da nake aiki a kantin magani ba na tura kowa kantinmu, don ranar da mutane suka fara zargin talla ake yi, amana ta tafi. Kuma akwai alamomin da in an gan su ba a tsayawa rubuta rajista: baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, ciwon ƙirji mai tsanani da gumi, mai ciki tana zubar da jini ko tana ciwon kai mai zafi da kumburi da gani dishi-dishi, yaro yana jijjiga ko ya kasa kama nono. Wannan a nemi mota nan take, a kira 112, ko 767 idan a Legas ne. Ya kamata ɗan sa-kai ya san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, sannan dokar 2017 ta wajabta a kula da wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ba ko'ina ake bin waɗannan dokoki ba, kowa ya sani, amma ɗan rakiyar da ya ambace su cikin ladabi da Turanci mai kyau, akan saurare shi daban.

Abin da ba magani ne maganinsa ba

Za ka iya tambaya, me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da rikicin gidan haya? Amsar tana jikin na'urar gwajin jini. Magidancin da ke yawo da takardar tashi a aljihu, ga mata ga yara biyar a ɗaki ɗaya, ko wane irin magani aka ba shi jininsa ba zai sauka yadda ake so ba. Shi ya sa tebur mai kyau yake buƙatar wanda ya san doka ko kaɗan ne.

Ɗauki dokar haya ta jihar Legas ta 2011. Idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta faɗi akasin haka, mai biyan haya wata-wata yana da haƙƙin a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara kuma wata shida. Bayan wa'adin ya cika akwai wani notis na kwana 7, daga nan sai kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufin ɗaki, ko watso kaya waje, ko turo 'yan daba. Kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. Dokar ta kuma wajabta wa mai gida ya ba da rasit. Nawa ne cikin mutanenmu suke miƙa kuɗin shekara a hannun dillali, a yi musabaha, a rabu babu ko guntuwar takarda? Sai dai a faɗa wa mutum gaskiya duka, har da wadda ba zai so ji ba: wanda bashin haya ya taru a kansa, kariyar da dokar ta ba shi takan ragu. Sauran jihohi kuma kowace da tata dokar, kada na Ibadan ko Anaca ya ɗauki ta Legas ya yi aiki da ita.

Ba mu ne ke shari'a ba, hanya muke nunawa. A Legas akwai Citizens' Mediation Centre da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, wadda tun 1999 take sasanta rikicin haya da bashi da albashin da aka hana ma'aikaci, kyauta. Akwai Ofishin Lauyan Talakawa na jihar, wanda aka fi sani da OPD, da aka kafa a 2000. A matakin tarayya akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a da ta samo asali tun 1976, mai ofisoshi a jihohi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum a kan abin da bai wuce bashi ko saɓa yarjejeniya ba. Matar da aka tsare don mijinta ya gudu da kuɗin wani, ba ta san wannan ba, danginta ma ba su sani ba, sai su fara karo-karon kuɗin "beli". Wani lokaci aikin duka bai wuce cike fom ɗin lambar NIN ba, ko bayanin yadda ake shiga inshorar lafiya ta Ilera Eko, ko rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa.

Sirri

Idan akwai abin da ke rusa irin wannan aiki, to baki ne. Zango ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa, kuma labari ya fi mota saurin isa Arewa. A cikin ledar nan da na ce a kawo, za ka ga maganin cuta mai karya garkuwar jiki a hannun mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci. Za ka ga ƙwayar tazarar haihuwa a jakar matar abokinka. Za ka ji bashin da ke kan alhajin da kowa ke yi wa kallon mai hali. Abin da ka gani a tebur a tebur yake kwana. Matarka ba ta da rabo a ciki, mijinki ma haka, kuma ba a mayar da shi misali a majalisa ko da an sakaya suna, don a unguwa irin tamu sakaya suna ba ya ɓoye kowa. A littafinmu lamba muke rubutawa a madadin suna, littafin kuma a kulle yake kwana. Hoto kuwa haramun ne a wurinmu. Wannan ɗabi'a ta a taimaki mutum da safe, da yamma a ga fuskarsa a Facebook, ni dai ban ga taimako a cikinta ba.

'Yar'uwa mai karatu, ke nake nema fiye da kowa. Akwai maganganun da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da zai kai ta kabari: ciwon sanyi, zubar jini bayan haihuwa, duka a gidan aure, abin da aka yi wa 'yarta. Teburin da babu mace a cikinsa rabin unguwa kawai yake yi wa aiki. Mu labule muka sa a kusurwa, kuma akwai matan da ba sa fita sai mu bi su gida da izinin mazansu.

A nan zan faɗi ra'ayina ko da zai ɓata wa wasu manya rai. Sulhu alheri ne a rikicin haya da bashi da saɓanin maƙwabta. Amma idan aka yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, zaman "a rufa asiri" a zaure ba hurumin tebur ba ne, kuma yana cinye lokacin da ba a da shi. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi, in an wuce an wuce. A Legas akwai cibiyar Mirabel da ke cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, wadda tun 2013 take duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, akwai kuma hukumar jiha mai kula da cin zarafi a gida da na jinsi. A fara kai yarinya a duba ta, kada a wanke tufafin da abin ya faru a cikinsu, sauran magana ta biyo baya.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin yana da gajiya. Za ka ji labarin da zai hana ka cin abincin dare. Za ka yi wa mutum hanya har ƙofar ofis, ranar zuwa ya ce ya bar wa Allah. Za a kira ka ƙarfe ɗayan dare a kan abin da zai iya jiran safiya, shi ya sa muka sayi layin waya guda na tebur muke karɓa-karɓa. Za a roƙe ka kuɗi, kuma zuciyarka za ta karye. Amma in ka fara zaro na aljihunka a kan tebur, mako mai zuwa layin masu neman kuɗi zai kori masu neman shawara. Mai buƙatar tallafi a haɗa shi da kwamitin zakka ko asusun masallaci. Idan kakar zaɓe ta matso, za a samu mai son ya saya muku kujeru da rumfa da sharaɗin a liƙa hotonsa. A gode masa, a ci gaba da zama a benci.

Kada ka ce kai ba likita ba ne, ba lauya ba ne. Ma'aikaciyar jinya, malamin makaranta, tsohon magatakardan kotu, ɗalibin jami'a, mai yi wa ƙasa hidima, duk da gurbinsu. Wanda muka fi rasa ma shi ne ɗan rakiya: matashin da aka haifa a zango, Yarabanci a bakinsa kamar Hausa, wanda zai iya ba da safiyar Talata ya raka tsoho asibiti, ya nuna masa inda ake yankar kati, ya tsaya ya fassara abin da likita ya ce, ya tabbata an fahimci ranar dawowa. Shawarwari da yawa a bakin ƙofar asibiti suke mutuwa saboda babu wannan mutum.

Idan babu irin wannan tebur a unguwarku kuma kuna son kafawa, ku fara da gaisuwa. Ku je wurin Sarkin Hausawa da liman da shugabar mata ku yi bayani, don abin da aka kafa a bayan idonsu ba ya daɗewa. Ku je ƙaramin asibitin gwamnati mafi kusa ku gabatar da kanku ga shugabar ma'aikatan jinya, ku rubuto ranakun awon ciki da na rigakafi da inda ake gwajin tari. Ku taka da ƙafarku zuwa ofishin sasanci da na agajin shari'a ku ga ƙofar da idonku, ku san ranakun aiki da takardun da ake tambaya, kafin ku tura kowa. Sannan ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, ku riƙe shi ko ana ruwa, ko da makonnin farko mutum biyu ne za su zo, ɗayan ma don ya ga abin da kuke yi ne. Na'urar gwajin hawan jini a samu mai ɗaurawa a damtse, kuma a bar mutum ya zauna ya huta na minti biyar kafin a gwada shi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake ajiye insulin da magungunan ruwa na yara a gidan da wuta ba ta tsayawa.